Soriyasis da bitiligo a fata ɗaya: wanne ya jawo wanne?

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata tana fama da soriyasis a gwiwar hannu da ƙeya, mai ɓawo da ƙaiƙayi. Yanzu inda ya lafa wurin ya yi fari. Bitiligo ne, wato ciwon da ke ɓatar da launin fata, ya shigo? Ina neman shawara.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam 'yar uwa. A tantance tukuna. A fata mai duhu, soriyasis in ya kwanta yakan bar dusasshen tabo, wanda launinsa ke dawowa a hankali cikin watanni. Shi kuwa bitiligo fari ne fat kamar madara, bakinsa a shate, wani lokaci har gashin wurin ya yi fari. Likitan fata zai haska fitilar Wood, wata fitila ta musamman ta duba fata, a ɗaki mai duhu, in bitiligo ne zai yi ƙyalli. In wurin ba ya jin taɓi, kuturta za a bincika.

Amsa ta biyu: Suna iya haɗuwa, domin tushensu ɗaya: garkuwar jiki ce ta juya wa fata baya. Amma kowanne da hanyarsa. A soriyasis, sinadaran garkuwar jiki da ake kira IL-23 da IL-17 ke ingiza ƙwayoyin fata su hayayyafa cikin kwana 3 zuwa 5 maimakon kusan wata guda, shi ya sa ɓawon ke taruwa. A bitiligo, ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira T nau'in CD8 ne ke kashe ƙwayoyin da ke samar da launi. Abin da mutane ke mantawa: dukansu suna bin sawun rauni. Susa, ɓanɓare ɓawo da farce, ƙuna, har gogar madaurin agogo na iya tsiro da sabon tabo a daidai wurin. Ta daina ɓanɓara, ta riƙa laushe shi da man shafawa mai kauri.

Amsa ta uku: Hasken UVB mai tsawon zango nanomita 311, wanda ake haska wa fata a asibiti, yana yi wa duka biyun aiki, sau 2 ko 3 a mako, sai dai bitiligo ya fi jan lokaci, yatsu kuma sun fi taurin kai. A fuska an fi son maganin shafawa na tacrolimus, don sitiroyid (maganin kwantar da kumburi) mai ƙarfi yana sirantar da fata. Kada ta sha ƙwayar sitiroyid da kanta, yanke ta farat ɗaya kan tayar da soriyasis fiye da da. In an tabbatar bitiligo ne, a auna mata tayroyid (ƙullun da ke gaban wuya), don ciwonsa da bitiligo sukan zo tare.