Neman shawara: an cire wa Innarmu ƙari a ƙwaƙwalwa, amma ta dawo kamar ba ita ba

Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah a ɓoye sunana, daga Garin Malam nake rubutowa, nan Damagaram. Innarmu ta daɗe tana fama da ciwon kai mai tsananta da asuba, har da amai, ana ta cewa hawan jini ne. Sai da ta faɗi tana jijjiga a bakin murhu aka yi mata sikana, aka ga ƙari. An yi aikin a Yamai, likita ya ce ba kansa (ciwon daji) ba ce. Yanzu tana gida tana takawa da ƙafarta, alhamdu lillahi, sai dai ga saurin fushi, ga mantuwa: ta ɗora tukunya ta tafi ta kwanta, ta kira jikanta da sunan ubansa. Kawunmu ya ce tunda an cire ciwon a daina maganin farfaɗiyar, abin da ya saura na iska ne. Mu daina? Ni ma kaina na yawan ciwo. Gadon ƙarin ake yi, ko waya ce ke kawo shi?

Malam Sani, ma'aikacin jinya:
Ƙanwata, Allah ya ba Inna lafiya. Kada ku kuskura ku tsayar da maganin nan da kanku. Tabon aikin ma kan iya tayar da farfaɗiya, kuma yanke maganin rana ɗaya na jawo jijjigar da ke ƙin tsayawa. Likitan da ya rubuta shi ne zai rage shi, a hankali. Fushi da mantuwar kuwa ana ganinsu, musamman in ƙarin ya danni gaban ƙwaƙwalwa, inda hali da tsara aiki suke. Wani maganin farfaɗiyar ma yana ƙara fushi, don haka ku faɗa wa likita, mai yiwuwa ya canza shi. In ta sake faɗuwa, a kwantar da ita gefe guda, kada a tura mata cokali a baki. Jijjiga ta wuce minti 5, asibiti kawai.

Hajiya Maman Rabi:
Ɗiyata, ki lallaɓa kawunki, kada ki ja da shi gaban mutane. Ki ce masa a yi rubutu da addu'a, a ci gaba da ƙwayar, ba wanda ke hana wani. Amma girki da jan ruwa a rijiya ku karɓe mata su tukuna. Ku bar mata tsintar wake da ɓarar gujiya, don babba in aka zaunar da ita haka kawai sai ta ga an raina ta.

Wata ɗalibar likitanci:
Daga bayaninki ya yi kama da wanda ake kira meninjiyoma, mai fitowa a fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, amma ki duba takardar sakamakon ki tabbatar. Ya fi yawa ga mata da masu shekaru, kuma galibinsa ba na gado ba ne. Waya kuwa ba a tabbatar tana kawo shi ba. Mafi yawan ciwon kai ba ƙari ba ne. Wanda ke tayar da ke daga barci da amai, ko gani na raguwa, ko hannu ko ƙafa ɗaya ta rasa ƙarfi, shi ne ba a zama da shi.

Alhaji Mai Goro, Zango:
Na yi jinyar uwargidana da irin wannan. Ko ba kansa ba ce yana iya sake tsirowa, shi ya sa ake komawa ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da ake kira IRM. Tafiyar Yamai kusan kilomita 900 ce, ga kuɗin mota ga na hoto, to ku fara adashe tun yau. In an ce sai an yi gashi, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura, akwai na'urar a cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa da ke Yamai tun 2021. Ku haɗa duk hotunan da takardun aikin a jaka ɗaya, kowane likita sai ya tambaye su. Maganin kuma kada ku jira ya ƙare kafin ku je farmasi, wani lokaci sai an yi odarsa.