Muhawara: Shin rubuta manhajar kwamfuta sana'ar maza ce tun asali?

Injiniya: Salamu alaikum jama'a. Ina nan a kan bakana cewa ƙarancin mata a fannin kwamfuta ba wariya ce ta haifar da shi ba, bambancin sha'awa ne tsakanin maza da mata. Ku dubi Amurka, inda babu mai hana mace karatu, amma har yau mata ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na masu samun digirin farko a kimiyyar kwamfuta ba. Kusan irin wannan magana wani injiniyan Google mai suna James Damore ya rubuta a 2017, kamfanin ya sallame shi a kanta.

Malama: Wa alaikumus salam. Injiniya, Amurkar da ka kafa hujja da ita ce za ta rushe maka hujjar. A 1984 mata ne suka karɓi kusan kashi 37 cikin ɗari na wannan digiri a can, amma zuwa wajen 2010 adadin ya faɗo kusan kashi 18, kuma ba na jin akwai halittar da take sauyawa cikin shekara ashirin da shida. A wannan tsakanin ne kwamfuta ta shiga gidaje, aka riƙa tallata ta kamar kayan wasan yara maza, sai yaro ya shiga jami'a hannunsa ya riga ya faɗa, yarinya kuwa ta zauna kusa da shi tana ganin ita ce ba ta da kai. Kafin nan, mata shida ne suka tsara aikin ENIAC, ɗaya daga cikin kwamfutocin lantarki na farko a duniya, a Jami'ar Fensilbeniya daga 1945, lokacin da babu yaren manhajar da za su yi aiki da shi, sai dai su nazarci zanen na'urar su jona wayoyi da hannu. Da aka nuna ta ga 'yan jarida a Fabrairun 1946, ko gabatar da su ba a yi ba, domin a wancan zamani ƙera na'urar ne aikin daraja, tsara mata aiki kuwa ana ɗaukarsa aikin akawu.

Alhaji: Malama, maganarki tana da ƙarfi, amma a yi wa Injiniya adalci. Lokacin ENIAC Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe maza. Sannan wani bincike na 2018 ya nuna kason mata a cikin masu digirin kimiyya da fasaha ya fi yawa a Aljeriya da Tunisiya fiye da Finlan da Norwe, inda ake cewa mace ta fi samun 'yancin zaɓi. Yaya za ki yi da wannan?

Malama: Ranka ya daɗe, an yi jayayya sosai a kan yadda aka yi lissafin binciken, har sai da mujallar da ta wallafa shi ta buga gyara. Ko da an karɓe shi, abin da ya tabbatar shi ne adadin yana hawa da sauka daga ƙasa zuwa ƙasa. A jami'o'in Malesiya an daɗe mata suna kai kusan rabin ɗaliban kwamfuta, saboda a can ana ganin aiki ne na ofis da ya dace da mace.

Ƙanwarku: Iyayena da yayyena, ku ba ni dama, domin wannan sana'ar nake ci da ita. A makarantarmu ta sakandare kwamfuta goma ce, mu kuma mun haura sittin. Da an kaɗa ƙararrawa maza suke rugawa su cinye kujerun, malamin kuma ya miƙo mini rajista in rubuta sunayen waɗanda suka zauna, wai rubutuna ya fi kyau. Shekara uku ina rubuta sunaye ban taɓa madannai ba. Sai da yayana ya bar mini tsohuwar kwamfutarsa, wadda ba ta riƙe caji, sannan na fara koyon yaren manhaja na Python da dare idan an kawo wuta. Yaya Injiniya, da a shekarun nan uku aka zo auna sha'awata, me za a rubuta a kaina?

Injiniya: Ƙanwata, za a rubuta ba ki da sha'awa, kuma da an zalunce ki. Ban janye cewa akwai bambancin sha'awa ba, amma na yarda ba a auna shi a ajin da kujera take ga wanda ya fi gudu. 'Ya'yana mata biyu ne, kuma sai yanzu na tuna cewa kwamfutar gidanmu a ɗakin ƙaninsu take.