Tari ya ƙi tafiya bayan maganin tarin fuka: ta ina mai ƙaramin ƙarfi zai fara?

Maman_Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mutum ne ya gama maganin tarin fuka na wata shida, an sake gwada kakinsa ba a ga ƙwayar ba, amma tari da rama da kasala suna nan, wani lokaci har da jini. An ce ƙila funfuna ce ta kama huhu, ga ɗakinsa kuma akwai danshi. Wane gwaji ne dole, wanne za a iya bari? Aljihun ba nauyi.

Baban_Zee:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Abin da ake zargi shi ne Aspergillus, funfunar da ke shiga ramin da tarin fuka ya bari a huhu ta zauna. Kuɗi yakan ƙare ne wajen yin gwaji a birkice. A fara da hoton ƙirji, a riƙo tsohon hoton domin likita ya kwatanta. Sai gwajin jini na Aspergillus IgG, mai nuna ko jiki na yaƙi da funfunar. Akwai irinsa na gaggawa mai fitowa cikin minti 30, a tambaya ko ɗakin gwajin yana da shi. In alamomi sun haura wata uku, hoto ya nuna rami, gwajin jini kuma ya nuna, yawanci wannan ya isa likita ya fara magani. Hoton CT ya fi fayyace abu, amma a bari sai likitan huhu ya nema da kansa.

Ku nufi asibitin gwamnati ko na koyarwa, sashen ciwon ƙirji, da takardar turawa daga inda aka yi maganin farko. Irin waɗannan asibitocin sukan kasance da ofishin walwalar marasa lafiya, a je tun ranar farko a nemi rangwame. Gwajin fitsarin da ake tallatawa a intanet wai na gano gubar funfuna, kar ku ba shi ko sisi. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince da shi wajen gano cuta ba.

In jinin da ke fitowa a tari ya wuce ɗigo-ɗigo ya koma cokali-cokali, sashen gaggawa kai tsaye.

Anti_Famasi:
Maganin da ake fara bayarwa kan wannan funfunar itraconazole ne, miligiram 200 sau biyu a rana, aƙalla wata shida. Kafsol ɗin na miligiram 100 ne, wato huɗu kullum, kimanin 720 ke nan a wata shida. Ku yi wannan lissafin tun kafin a fara, don yankewa a wata na biyu asara ce biyu. Ku roƙi likita ya rubuta sunan sinadarin, ba na kamfani ba, sannan a saya a kantin magani mai rajista. Kar wani ya musanya muku da fluconazole don ya fi araha, ba ya taɓa Aspergillus.

Inda ake ɓarnar kuɗi ba a sani ba shi ne wajen sha. Kafsol ɗin yana son a haɗiye shi bayan an ci an ƙoshi, kuma yana buƙatar tsamin ciki. Mai shan omeprazole (maganin gyambon ciki) ko ruwan maganin ƙwannafi, kaɗan ne zai shiga jininsa. Rifampicin kuwa, ɗaya daga magungunan tarin fuka, kusan share shi yake daga jini, shi ya sa ba a haɗa su. Ba a sha tare da simvastatin (maganin rage kitsen jini), ba a ba mai juna biyu ko mai gazawar zuciya. Gwajin hanta kam ba a tsallake shi: kafin farawa, bayan 'yan makonni, sannan lokaci-lokaci. Ido ya yi rawaya, ƙafa ta kumbura ko ta riƙa mutuwa, a koma wurin likita.

Malam_Injiniya:
Hajiya, batun ɗakin ba ya buƙatar a kira masu auna iska. Abin da ido ya gani hanci ya ji ya wadatar. A toshe yoyon tukuna, in ba haka ba baƙin funfunar zai dawo ko an yi fenti. Bango da siminti a wanke da bilic, kofi ɗaya cikin ruwa lita huɗu, taga a buɗe, kar a gauraya shi da wani sinadarin wanki. Katifa da silin da suka jiƙe suka yi funfuna sai dai a fitar. Mara lafiyan ya bar ɗakin yayin aikin, mai gogewar ya sa takunkumin N95 da safar hannu.