Neman shawara: wace adafta ce za ta haɗa ƙaramin SSD da tsohuwar laftop?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan shagon buga takardu a nan Garwa, kuma laftop ɗin da nake cin abinci da ita ta tsufa, had-disk ɗinta har ƙara yake yi. Yayana ya ciro mini wani ƙaramin SSD siriri, irin ma'ajiyar nan da ke maye gurbin had-disk, daga tasa da ta lalace. Na kai kasuwa, mai kaya ya ba ni adaftar da ke mayar da shi SATA, wato irin bakin da had-disk yake shiga, amma ya ƙi shiga bakinta. Sai ya ce in kife shi in danna. Raina bai kwanta ba, na dawo da abina. A jikinsa an rubuta NVMe da 2280, tsaga ɗaya ce a bakinsa. Don Allah wace iri zan nema?

Mai gyara daga Marwa:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, Allah ya taimake ka da ba ka danna ba. Da ka kife shi, wuta za ta bi inda bai kamata ba, ka yi asararsa. Irin wannan siririn SSD ana ce masa M.2, amma M.2 siffa ce kawai, a cikinta akwai iri biyu: SATA da NVMe. Adaftar da aka nuna maka wayoyi take miƙawa, tana kuma rage wuta daga volt 5 zuwa 3.3, ba ta yin tafinta. Naka NVMe ne, da wata hanyar sadarwa daban mai suna PCIe yake magana, bakin had-disk ɗin laftop ɗinka kuwa SATA kaɗai yake ji. Ko ka zagaye kasuwa ba za ka samu wadda za ta haɗa su ba. Yawanci mai tsaga biyu shi ne SATA, amma rubutun jikinsa ya fi tsaga gaskiya. 2280 kuma awo ne: faɗi milimita 22, tsawo 80.

Wani daga Kusiri:
Malam ya gama magana. Ni dai shawarata ka yi musaya da SSD na SATA mai inci 2.5, ya shiga kai tsaye. Gudunsa kusan megabayit 550 a daƙiƙa, idan laftop ɗin mai SATA III ce. Ko mai SATA II ce, za ka ga bambanci tun daga kunnawa. Kada kuma a haɗa ka da mSATA, shi wani ƙaramin SSD ne mai baki daban.

Wata 'yar uwa daga Injamena:
Kyautar yaya ce, ni ba zan so ka rabu da ita ba. Ka saya masa gida na USB, ya zama ma'ajiyar takardun mutane. Ka nemi wanda aka rubuta NVMe a kwalinsa. Mai ƙwaƙwalwar Realtek RTL9210B yana karɓar iri biyun. Ka ɗauki na ƙarfe, ba na roba ba, domin NVMe yana zafi, ga kuma zafin Garwa a watan Afrilu. A gwada a gabanka kafin ka miƙa kuɗi.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka. Akwai wata tsohuwar kwamfutar tebur a shagon, ita fa?

Mai gyara daga Marwa:
Ita da sauƙi. Akwai katin da ake ɗaura M.2 a kai a soka a ramin PCIe. Sai dai yawancin waɗanda suka girmi 2014 za su gan shi a matsayin ma'ajiya, amma ba za su tashi daga kansa ba. Turo mini lambar allon cikinta in duba maka.