Neman shawara: hoton malam buɗe littafi ya ƙi yi mini kyau, ga tsutsa ta cika lemun gidanmu

Maman Ilham, Malali:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san ƙwari da kuma masu harkar hoto. Tun shigowar daminar bana hankalina ya karkata kan malam buɗe littafi, ina son in riƙa ɗaukar hotonsu kuma in san kowanne da sunansa. Waya ce kawai gare ni. Kafin in matsa kusa ya tashi, in kuma na dace na ɗauka sai katanga ta fito tar, shi kuwa ya yi dishi-dishi. Ƙarshen wata zan kwashi adashe, har na fara tunanin sayen kyamara ko da ta hannu ce. Ya kuka gani?

Waɗanda suka fi zuwa gidanmu biyu ne: wani babba baƙi mai ɗigo-ɗigon ruwan ɗorawa da ba ya rabuwa da lemun tsaminmu, sai wani ruwan goro mai fari a fiffiken baya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tsutsa ta fito a ganyen lemun, wasu kamar kashin tsuntsu, wasu korra, maigidan ya ce ranar Asabar zai kira mai feshi. Sannan in da wurin da mace za ta iya zuwa da yara a cikin garin Kaduna ta gan su da yawa, don Allah a faɗa mini.

Baban Khalifa, Unguwan Rimi:

Wa alaikumus salam 'yata. Ki roƙi maigidan ya ɗan dakata da maganar feshi, domin tsutsotsin nan 'ya'yan baƙin nan ne da kike son ɗauka. Masana na kiransa Papilio demodocus, kuma ganyen dangin lemo ne abincin tsutsarsa. Macen na ajiye ƙwai ɗaya-ɗaya a kan sabon toho. Tsutsar tana ƙarama takan yi kama da kashin tsuntsu don kada tsuntsaye su kula ta, in ta girma sai ta sake fata ta koma korra. Ashe kin ga abu ɗaya kike gani a mataki biyu. Ki ɗan taɓa bayan korrar da tsinke, za ki ga ta fito da wani abu mai reshe biyu a bayan kanta, yana wari. Makaminta ke nan, ba ta harbi ba ta cizo.

Na koyar da noma shekaru masu yawa kafin in yi ritaya, kuma abin da zan gaya miki shi ne ki fara da sanin tsiro kafin sanin ƙwaron. Kowane iri yana da ganyen da yake zuba ƙwai a kai, ba ya kai 'ya'yansa wani wuri. Wanda ya gane haka ya daina bin su da gudu, sai ya je gindin tsiron ya jira.

Ruwan goron nan mai farin baya shi ne Danaus chrysippus, tsutsarsa tumfafiya take ci. Dafin tumfafiyar yana taruwa a jikinta har ta zama malam buɗe littafi, shi ya sa tsuntsun da ya taɓa cin ɗaya ba ya marmarin ƙarawa. Ki lura da tashinsa, a hankali yake tafiya ba ya sauri, don ba shi da abin tsoro. Shi ya fi sauƙin ɗauka, da shi ya kamata ki fara. Duk fegin da ba a gina ba a Malali da wuya ki rasa tumfafiya, ki ɗaga ganyen ki duba ƙasansa. Sai dai ki kiyaye farin ruwanta, in ya shiga ido yana yin illa sosai, kada ki bar yara su karya reshe.

Farare da masu ruwan ɗorawa da ke wucewa da sauri ta saman katanga kuwa, da yawansu Catopsilia florella ne, tafasa da rai ɗore suke nema. Mu muna ganin ciyawar bola ce, su kuwa gidan haihuwarsu ne.

Mai Lambu, Rafin Guza:

Allah ya ƙara girma Baba, duk abin da ka faɗa haka yake, amma a bar ni in faɗi ɓangarenmu. Ni dashen lemo nake renon sayarwa. Tsutsar nan guda biyu in suka samu ƙaramin dashe, cikin 'yan kwanaki sai ka tarar da tsinke tsaye babu ganye. Don haka Hajiya ki duba girman bishiyarki. In ta fi mutum tsawo tana 'ya'ya, abin da za su ci bai taka kara ya karya ba, kuɗin feshin ma asara ne. In ƙarama ce, ki tsince su da hannu da sassafe ki mayar kan babba, ko ta maƙwabta in sun yarda. Ni ma haka nake yi yanzu, domin feshi ba ya zaɓe, har zumar da ke zuwa kan fure yake kashewa.

Kuma duk mai son ganinsu da yawa ya zo bakin kogi bayan ruwa ya ja baya, inda yashi ke da danshi, musamman wurin da shanu suka sha ruwa suka yi fitsari. Nan suke taruwa gungu-gungu suna tsotson gishirin ƙasa, yawancinsu maza ne, kuma in sun duƙufa ba sa saurin tashi. Roƙona ɗaya, a yi sallama da mai lambu kafin a shiga, kada a tattake mana kunya.

Ɗan Kawo Mai Hoto:

Anti, ki riƙe kuɗin adashenki tukuna. Sana'ata ce hoto, kuma na san kyamarar ba ita kaɗai ba ce, sai kin ƙara da gilashin ɗaukar abu na kusa, shi kuma wani lokaci ya fi ita kanta tsada. In ba ki iya matsawa kusa da ƙwaron ba, ko wace iri kika riƙe tashi zai yi.

Lokaci ne kan gaba. Jikinsu ba ya ɗumama kansa, sai sun sha rana kafin su iya tashi da ƙarfi. Daga wajen ƙarfe 8 zuwa 10 na safe za ki same su sun baje fiffike a kan ganye ko a ƙasa. Da rana ta take, sai dai kallo. Kada inuwarki ta faɗa kansa, wannan ne ke korarsa fiye da komai. Ki durƙusa ki zo daidai tsayinsa, ki miƙa hannun da ke riƙe da wayar a hankali, jikinki na nan inda yake. Fara ɗauka tun daga nesa, kina matsawa kina ƙarawa, ko ya tashi kina da wani abu a hannu.

Dishi-dishin kuma wayar ce ke zaɓar katanga. Ki taɓa hoton ƙwaron a fuskar wayar ki ɗan danne har ta tsaya a kansa. Bayan wayar ya fuskanci fiffiken sosai, kada ki karkace, in ba haka ba gefe ɗaya zai fito ɗayan ya ɓace. In wayarki na da madannin kusanto da abu na 2x ko 3x ki yi amfani da shi, amma jawo hoto da yatsu biyu har ƙarshe ɓata shi yake yi. Baƙin lemun nan ko yana shan fure fiffikensa ba ya daina kaɗawa, shi bidiyo za ki yi masa, daga baya ki tsayar ki ciro inda ya fito da kyau. Ki riƙa goge idon kyamarar da gefen mayafi, balle in hazo ya sauka. In kin shekara a haka kika ga wayar ta yi miki kaɗan, lokacin kin san abin da za ki saya.

Uwar Biyu, Barnawa:

Maman Ilham, gwada Gamji, wato wurin shaƙatawa na Janar Hassan Usman Katsina da ke bakin kogin Kaduna. Akwai manyan bishiyoyi da inuwa, ki je da safe ranar aiki kafin jama'a su cika. Masu sayar da furanni a bakin titi ma suna barin mutum in ya gaishe su ya nemi izini. Daga Satumba zuwa Nuwamba malam buɗe littafi sun fi yawa. Dajin Afaka da gandun Kamuku na Birnin Gwari kam kada sha'awa ta kai ki, kin san halin rashin tsaro da ake ciki. Kuma garin nan cike yake da barikoki, kada a ɗaga waya kusa da katangar sojoji ko shingen bincike, ko da ƙwaron ya kai yaya kyau.

Ɗalibar nazarin halittu, Samaru:

Anti, ga ƙari kan maganar Baba. Ruwan goron nan yana da mai kwaikwayonsa, macen Hypolimnas misippus. Ita ba ta tara dafin tumfafiya, kamannin kawai ta ara tsuntsaye suke ƙyale ta. Mijinta kuwa baƙi ne mai manyan fararen tabo da shuɗi ya kewaye, ba za ki taɓa cewa jinsi ɗaya ba ne. Ki ƙirga baƙaƙen ɗigon da ke tsakiyar fiffiken baya: a na tumfafiya macen tana da 3, namijin 4, mai kwaikwayon kuwa 1 ne. A nan Afirka ta Yamma na tumfafiya kusan duk farin baya gare su, in kin ga wanda bayansa ruwan goro ne gaba ɗaya, ki sake dubawa da kyau.

Najeriya na da iri fiye da 1,000, mafi yawansu a dazukan kudu, don haka na cikin gari ba su fi ƙarfinki ba. Ki sauke manhajar iNaturalist, kyauta ce. Kina ɗora hoto za ta ba ki hasashe, sannan masana daga ƙasashe daban-daban su tabbatar ko su gyara. Kada ki dogara da hasashen shi kaɗai. Ki yi ƙoƙarin samun saman fiffike da ƙasansa, wasu sai ta ƙasan ake raba su. Wasu ma kamanninsu na damina daban, na rani daban: Melanitis leda, mai fitowa dab da magariba yana bin ruɓaɓɓen mangwaro da gwaiba, da damina yana da ɗigo masu kama da ido, da rani kuwa sai ya koma tamkar busasshen ganye. In kina ɗora hoton da kika ɗauka a gida, akwai wurin da za ki zaɓi a ɓoye ainihin wurin, ki yi amfani da shi.

Maman Ilham, Malali:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Bishiyar ta wuce katanga, na nuna wa maigidan bayanin Mai Lambu ya ce an fasa feshin. Baba, yara sun dame ni suna son ganin yadda tsutsar ke rikiɗa. Zan iya ɗaukar ɗaya in ajiye a ɗaki?

Baban Khalifa, Unguwan Rimi:

Za ki iya 'yata. Ɗauki korra babba tare da reshen da take kai, ki sa a roba mai faɗi, ki rufe bakin da yankin gidan sauro ki ɗaure. A ajiye a inuwa, inda tururuwa ba za ta kai ba. Kullum a sa sabon ganyen lemo a zubar da kashin, ba ta buƙatar ruwa. Ki jingina tsinke mai kauri a ciki, domin in ta ƙoshi za ta daina ci, ta hau ta ɗaure kanta da zare ta daskare. Kada a taɓa ta a wannan hali. Kamar mako biyu take yi, wani lokaci ta fi haka. Yawanci da safe yake fitowa, fiffiken a jiƙe a cukurkuɗe, yana buƙatar awa ɗaya ko biyu yana rataye kafin ya bushe, saboda haka robar ta zama da sarari. A nan za ki samu hoton da kike nema, don ba ya iya tashi. Ki hana yara kama fiffiken, garin da ke manne wa yatsa shi ne launinsa kuma ba ya sake fitowa. Da ya fara kaɗawa da ƙarfi, a fita da robar gindin lemun a buɗe masa.