Tsohon injin wasa ƙarfe na gado: wa ya taɓa tada irinsa?

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum ƴan uwa masu sana'a. Da aka raba kayan shagon kawuna, Allah ya jiƙansa, injin wasa ƙarfe ne ya faɗo rabona, irin mai dutse biyu da ake ɗaurewa bisa tebur. Jikinsa zubin ƙarfe ne, mutum ɗaya ba ya ɗaga shi sai da nishi. Na goge ɗan allon da ke jikinsa na ga 220 V, 50 Hz, juyi 2850 a minti, dutse 200 mm, amma sunan kamfanin ya shafe. Ya daɗe a zaure ƙarƙashin buhuna. In an sa masa wuta sai ya yi ta gurnani ba ya motsi, in an tura dutsen da hannu kuma sai ya kama juyi. Wani ya ce in sayar a kilo in sayi sabo, wani ya ce in kai a sake naɗin wayar da ke cikinsa. Raina bai kwanta da ko ɗaya ba. Ina son ya tashi kafin layya. Wanda ya taɓa tada irinsa, don Allah ya gaya mana abin da ya tarar.

Mai naɗi, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam ƙanena. Naɗi shi ne abincina, amma kada ka kawo mini wannan. Injin da ke kama juyi in an tura shi, babban naɗinsa da rai, abin da ke tada shi ne ya mutu. Kuma ka daina barinsa yana gurnanin nan, a nan ne waya ke cin wuta har ta ƙone da gaske. Zare shi daga wuta, buɗe gindinsa, za ka ga kondansato, ɗan gwangwanin nan mai riƙe wuta da ke taimaka wa injin tashi. Taɓa ƙafafunsa biyu da sukudireba mai ƙotar roba ya sauke wutar da ya riƙe, sannan ka duba. In ya kumbura ko ya yi yoyon mai, magana ta ƙare. Ka tafi da tsohon a hannu ka sayo mai lambar µF (awon wutar da yake riƙewa, a jikinsa take) iri ɗaya, voltinsa kada ya gaza na tsohon.

Wasu tsofaffin ba su da kondansato ko kaɗan, ko kuma suna da shi tare da wani ɗan makunni a ciki da ke buɗewa da kansa in injin ya ɗauki gudu. Bara an kawo mini ɗaya daga Tibiri, mai shi ya riga ya yanke ƙauna. Da na buɗe, zanzaro ne ya yi gininsa daidai kan makunnin, laka ta bushe ta riƙe shi ƙam. Na fasa ginin, na goge bakin da samfefa mai laushi, injin ya tashi. Ka kuma sa hancinka cikin naɗin. Wayar da ta ƙone ba ta ɓoye warinta.

Bakaniken babur, hanyar Dan Isa:
Ni gargaɗina kan notin da ke riƙe dutse ne. Na hannun hagu juyinsa a baibai yake, wajen da hannun agogo ke bi nan ake kwance shi. An yi haka don kada juyin dutse ya sassauta shi. Injin da na saya a hannun wani mai walda, yaransa sun yi ta jan notin nan da bututu suna zaton tsatsa ce, har suka cinye bakin sandar da dutsen ke zama a kai, sai da na kai wa mai turu, wato mai injin fere ƙarfe, ya sake yanka mata haƙora. Jiƙa shi da kalanzir ya kwana, da safe zai biyo ka.

Rulma kuma, wato zoben nan mai ƙwallayen ƙarfe da sandar ke juyawa a ciki, kada ka wanke ka mayar. Lambarta na gefenta, yawancin waɗannan injuna 6202 ne ko 6203. Ta farko raminta 15 mm, ta biyu 17 mm, duk ana samu wurin masu kayan babur a babbar kasuwa. Nemi mai 2RS a ƙarshen lamba, wato mai murfin roba gefe biyu. Ƙurar garin nan lokacin hunturu, ga kuma garin dutsen kansa, mai murfin ƙarfe ba ta jimre musu. Wajen sawa, da guntun bututu za ka buga a kan zoben ciki, ba na waje ba.

Tsohon maƙeri, Mokoyo:
Duk abin da yaran nan suka faɗa gaskiya ne. Amma ɗana, ba motar injin ce ke kai mutum asibiti ba, dutsen ne, kuma ban ji kowa ya taɓo shi ba.

Dutsen 200 mm da ke juyi 2850 a minti, bakinsa na gudun da ya wuce kilomita 100 a awa. Na ga ya fashe da idona a shagon wani maƙwabcina. Tsohon dutse ne da ya faɗi daga kan tebur, suka duba ba su ga tsaga ba, suka mayar. Ko ƙarfe ba a kai ga ɗorawa ba. Ɓari ɗaya ya huda kwanon rumfa ya fice, ɗaya ya sami yaron shagon a kafaɗa, da ya ɗaga kaɗan da sai dai a yi wa uwarsa gaisuwa. Injin ba shi da murfi, sun cire wai yana hana su wasa gatari.

Dutsen da ya shekara da shekaru ƙarƙashin buhuna, ka san sau nawa aka yi karo da shi? Cire shi, ka kakkaɓe, ka tabbata a bushe yake. Rataye shi a yatsa ta ramin tsakiya, ka ƙwanƙwasa gefensa a hankali da ƙotar icce, ka juya ka sake. Lafiyayye ƙara yake kamar tasa, mai tsaga kuwa sai ka ji "ɗuf". Wanda bai yi ƙara ba ka farfasa shi da guduma kafin ka zubar, don kada wani ya tsinta ya ɗaura.

In ka sayo sabo, karanta juyin da aka rubuta masa, kada ya gaza na injin. Takardar nan mai kauri da ke manne gefensa biyu ba ado ba ce, ita ke shiga tsakanin dutse da farantan ƙarfe, kada ka ɓare ta. Ɗaure noti daidai riƙo, ba da ƙarfin tsiya ba. Madogarin da ake ɗora ƙarfe a kai, tsakaninsa da dutse kada ya wuce 3 mm, in ba haka ba ƙarfe ya faɗa ciki ya tafi da yatsa. Ranar kunnawa ta farko ka tsaya gefe, ka kori yara, ka bar shi ya yi minti guda shi kaɗai.

Mai wasa wuƙa, Kadro:
Baba, da girmanka, amma da tsohuwar zuma ake magani. Dutsen da na tarar a nawa ya fi duk na kasuwa yanzu, ba ya zubewa, ba ya rawa. Sababbin nan wasu tun daga kwali a karkace suke zuwa.

Tsohon maƙeri, Mokoyo:
Ban ce a zubar da shi don tsufa ba, ɗana. Na ce a ƙwanƙwasa. In ya amsa, ka riƙe abinka, ni ma nawa ya girmi wasu a nan. Sabon ma a ƙwanƙwasa shi gaban mai shago kafin a biya, ai a bayan mota ya zo.

Ɗan Bagalam:
Allah ya saka da alheri. Kondansaton ne, ya kumbura har ya tsage. Na sa sabo ya tashi. Dutsen dama ya yi ƙara, na hagu shiru, na farfasa shi kamar yadda Baba ya ce. Saura rawa, tebur har tafiya yake.

Mai walda, Zariya:
Barka. Kunna shi babu dutse ko ɗaya. In ya yi lum, sandar lafiya take, laifin na dutse ne ko farantan. Nawa farantin ne ya lanƙwashe, aka gyara fuskarsa a turu rawa ta ɗauke. In dutsen ne, sassauta ka ɗan juya shi ka sake ɗaurewa har ka sami inda ya zauna, sannan ka fere bakinsa da abin fere dutse, mai taurarin ƙarfe ko mai kan lu'ulu'u. Shi ke kuma buɗe dutsen da ya toshe. Kada ka yarda a wasa sanholo a kansa, liƙewa yake cikin ramukan dutse.

Wani abu ga masu sayen na hannu da ake kawowa ta Kwatano: ku karanta allo. Na Amurka 115 V ne, 60 Hz, juyi 3450. Wani abokina yaronsa ya soka irinsa kai tsaye a wutarmu ta 220, hayaƙi kawai suka gani. Ko da taransifoma, a 50 Hz gudunsa na raguwa kuma ya fi saurin zafi.

Uwar gida mai tuwo, tasha:
Ni ba mai gyara ba ce, mai kawo muku wuƙaƙe ce. Don Allah in injin ya tashi ku riƙa tausaya wa ƙarfe. Bara gab da salla na ba da wuƙar da na gada wurin innata, ta dawo bakinta shuɗi, ta rame. Ko kaza ba ta gama yankawa ba ta dakushe, har yau ba ta koma daidai ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Tsohon maƙeri, Mokoyo:
Hajiya, kin yi gaskiya, an ƙona miki ita. Ƙarfe in ya yi shuɗi zafinsa ya kai wajen digiri 300, taurin bakin ya tafi, sai an cinye wurin duka kafin a iske mai kyau. Ɗan Bagalam, ajiye gwangwanin ruwa kusa, taɓa kaɗan ka tsoma. Sayi dutse mai lamba 60, mai laushi ke nan, don wuƙa da almakashi, mai 36, mai kaushi, ka bar wa gatari, kalme da hauya. Wuƙar mahauci a dutsen hannu ake ƙarasa ta. Ka sa gilashin ido, ka naɗe hannun riga, kada ka matso shi da babbar riga ko rawani mai lilo.

Ɗan Bagalam:
Na ji Baba. Dutsen da na samu raminsa 32 mm, sandata 16 mm. Wani ya ce in cika da takarda ko guntun tiyo.

Mai walda, Zariya:
A'a, kada ka soma. Akwai zoben roba mai tauri da ake yi musamman don haka, sau da yawa cikin kwalin dutsen yake zuwa, ko ma ka tambayi mai shagon. In babu, kai wa mai turu awon biyu ya fere maka. Ya shiga sandar ba wasa ba tilas, kuma kada faɗinsa ya wuce kaurin dutsen, in ya wuce farantan shi za su kama su bar dutsen sako-sako.