An maƙala mana takarda kan sabon maƙwabci, na rasa yadda zan yi

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, kwana uku rabona da barcin kirki. Muna zaune a wani ƙaramin gari a jihar Fulorida ta Amurka. Ranar Litinin na dawo daga aiki na tarar da takarda a maƙale a ƙofa, daga ofishin sherif, wato shugaban 'yan sandan gunduma. Hoton wani dattijo ne mai furfura da tabarau, ga sunansa ga adireshinsa, wai yana cikin rajistar waɗanda aka taɓa hukuntawa kan lalata da yara. Gida huɗu ne tsakaninmu, kuma ta ƙofarsa Ilham, 'yar shekara 7, da ƙanenta suke bi zuwa inda motar makaranta ke tsayawa.

Yanzu maƙwabta na tara sa hannu don majalisar gari ta ƙara nisan da aka hana irinsu zama kusa da makaranta da filin wasa, daga ƙafa 1,000 na dokar jiha zuwa 2,500. Maigida ya ce mu tashi, alhali saura wata takwas a yarjejeniyar haya. In sa hannu? Mu tashi? Me zan ce wa yaran?

Hajiya Umma: 'Yata, bi maganar mijinki. Kuɗin haya ko an yi asararsa ana sake samun wani. Allah Ya tsare mana zuri'a.

Baban Khalil: Amin Hajiya. Amma Maman Ilham, kafin ki ɗaure kaya, shiga shafin rajistar jihar a intanet ki karanta laifin da shekarar da aka yanke masa hukunci. A Fulorida waɗanda ke cikin rajistar rukuni biyu ne, kuma mafi haɗarin ne doka ta wajabta a sanar da jama'a zuwansu, don haka kada ki raina takardar. Daga nan ki sa adireshin unguwar da kuke son komawa a shafin NSOPW na Ma'aikatar Shari'ar Amurka, wanda ya haɗa rajistar jihohi wuri ɗaya. Ni da na gwada namu, sai da na ajiye wayar na yi shiru. Kada ku yi gudun gara ku faɗa gidan zago.

Asalin sanarwar nan Megan Kanka ce, yarinya 'yar shekara 7 da maƙwabcinsu ya kashe a New Jersey a 1994, iyayenta ba su san an taɓa ɗaure shi ba. A 1996 aka yi dokar tarayya da sunanta. Manufarta ki sani ki kiyaye. Ki ja kunnen maigida kada zuciya ta ɗebe shi ya je ƙofar mutumin, tsangwama ko barazana laifi ne, shi za a kama.

Anti Rabi: Ƙanwata, ni batun sa hannun ne ya tsaya mini. An yi wannan a gundumar Miami-Dade ta Fulorida, ƙafa 2,500 cif. Da aka zana da'irori a taswira, kusan babu gidan da ya rage, sai mutanen suka tare a ƙarƙashin gadar Julia Tuttle cikin tantuna da bukkokin katako, har zuwa 2010 da aka tashe su. A jihar Ayowa ma, masu gabatar da ƙara da kansu suka nemi a gyara dokar ƙafa 2,000, domin waɗanda ake sa wa ido sun fara ɓacewa, aka sassauta ta a 2009. Wanda kika san ƙofarsa, 'yan sanda ma sun san ta. Wanda ke kwana a mota fa? Kuma dokar nisa wurin kwana take aunawa, ba ta bin mutum da rana. Ki je zaman majalisar ki tambaye su ko sabuwar dokar za ta taɓa wanda ya riga ya tare, don sau da yawa ba ta taɓawa.

Hajiya Umma: To Rabi, tausayinsu za mu ji ke nan?

Anti Rabi: A'a wallahi Hajiya, ko kaɗan. So nake a san inda suke.

Maman 'Yan Biyu: Ni abin da zan faɗa ba shi da daɗin ji. Wani rahoton Ma'aikatar Shari'ar Amurka na shekarar 2000 ya nuna cewa cikin ƙararrakin lalata da yara da suka isa hannun 'yan sanda, kashi 7 cikin ɗari ne kawai baƙo ya aikata. Kusan kashi 34 dangi ne, sauran kuwa mutanen da yaran suka sani ne. Mu kuma kunya ta hana mu buɗe baki. Nawa biyun, a wurin wanka na fara: na faɗa musu sunan kowace gaɓa ba tare da sakaya ba, na ce duk wurin da wando ya rufe ba mai taɓawa, ko kawu ne ko malami. Na ce duk babban da ya ce “kada ki faɗa wa mamanki”, a ranar nake son ji, kuma ba zan yi duka ba. Wannan alkawarin na ƙarshe shi ne mai wuyar cikawa, don ranar da ɗayan ya zo da wata magana sai da na danne fuskata kafin ya ƙarasa. Hoton kuwa ki nuna musu, ki ce ba a shiga gidan nan, ba a karɓar komai a hannunsa, shi ke nan. Kada ki firgita su.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na duba, na rukunin mai haɗarin ne, kuma unguwar da maigida yake so akwai mutum uku a rajista. Mun fasa tashi tukuna. Ni da maƙwabciyata mun raba kwana, kullum ɗaya za ta raka yaran har su shiga mota, na kuma rubuta wa makaranta ko za a matso da wurin tsayawar zuwa kan kwanarmu. Ban sa hannu ba, sai na ji amsarsu ranar Talata. Maman 'Yan Biyu, jiya na gwada maganar wankan, Ilham ta kalle ni ta ce, “Mama, har da likita?” Me kika ce wa naki a nan?